Shuɗin Baba a Gonar Shayi

Shekara goma sha ɗaya na yi a Atina, babban birnin Girkawa, ina juya uwar wasu a kan gado, ina goge mata jiki, ina ɗura mata miya da cokali. Ranar da aka binne ta, 'yarta Stamatiya ta kama hannuna a bakin maƙabarta ta ce kada in yi nisa, don surukarta ma ƙafa ta fara ƙi. Na ce ta ba ni zuwa ƙarshen Yunin baɗi. Idan shayin gidanmu ya tashi, na koma gida ke nan, ta nemi wata. Idan bai tashi ba, zan ɗauko jakata in dawo mata aiki. Ta ce ta ji, amma kada in wuce ranar.

Shekarata arba'in da tara a lokacin, kuma na gaji. Ciwon baya ya daɗe da zama jiki, ba shi ke damuna ba. Na gaji da kwana a ɗakin da ba ni da ikon buga ko ƙusa ɗaya a bangonsa.

Gonar shayin tana kan gangaren da ke bayan gidanmu, layi talatin da biyu, kason da ya faɗo wa Baba lokacin da aka wargaza gonar gwamnati. Kusan shekara talatin ba wanda ya tsinki ganye ɗaya a cikinta. Ƙaya da ciyawa sun haɗiye ta har mutum ba ya gane inda layi ya fara. Daga Oktoba zuwa Maris na yi ta sara da adda, ina ƙonawa, ina datse kawunan itatuwan, tafin hannuna ya yi kanta kamar na mai faskare. Baba kuwa yana zaune a kan kututture yana ba da umarni.

Sunansa Otar, shekararsa saba'in da tara. Zamanin Sobiyet shi ne helman masu tsinkar ganye, mata arba'in a ƙarƙashinsa, kuma har yau idan ya yi gyaran murya a bakin shago sai tsofaffin matan ƙauyen sun gyara zama. Bai taɓa tambayar kowa yadda ake yin wani abu ba. Ko asibiti ya je, shi ke gaya wa likita ciwon da maganin da za a rubuta.

"Ƙasa-ƙasa, Lamara! Wa ya koya maki datsa haka? Girkawa?"

"Kai ka koya mini, Baba."

"To ashe ba ki saurara ba."

A watan Mayu shayin ya yi toho. Na tsaya a tsakiyar layi da sassafe ina kuka kamar wata sakara, ina dubawa kada maƙwabta su gan ni. Cikin mako biyu na tsinki kwando tara na kai wa ƙungiya. Ƙungiyar manoman shayi ce ta ƙauyukanmu huɗu, suna da 'yar masana'anta a hanyar Ozurgeti, kuma dokarsu guda ce: ganyen da ya ga maganin feshi ba ya shiga ƙofarsu, domin masu saye daga waje saboda haka suke zuwa wurinsu. Gocha, malamin gonarsu, ya murza ganyena ya sansana, ya ce idan na kawo irinsa a Yuni da Yuli za a sa ni cikin 'yan ƙungiya. Abin da nake nema ke nan. Wanda ke ciki zai iya zama a ƙauyen nan ya ci abinci, ko da ba zai yi arziki ba.

Sai darɓa ta sauka. Farkon Yuni ne, bayan 'yan kwanaki na ruwa da zafi a haɗe. Na fita da kwando na tarar da ƙananan baƙaƙen ƙwari cunkushe a kan toho, ganyen ya nannaɗe ya yi danƙo, tururuwa na hawa da sauka. Ranar farko layi uku ne. Kafin Lahadi sun kai rabin gonar.

"A zamaninmu," in ji Baba, "waya ɗaya nake bugawa motar tanki ta zo. Wuni ɗaya an gama. Ko tsuntsu ba ya sake sauka a gonar sai bayan mako."

"Shi ya sa ba mai sayen irin wancan yanzu."

"Duk Rasha ta sha shi, ba wanda ya mutu."

Na kira Gocha. Ya zo da yamma da 'yar akwatin sanyi a hannu. A gidanmu ba a yi wa baƙo maganar aiki a tsaye, don haka Baba ya zaunar da shi, na kawo burodin masara da wake da cuku, Baba ya sauko da tulun ruwan inabinsa. Itacen inabin nasa guda ɗaya ne, ya hau kanyar tsakar gida tun kafin a haife ni. Kowane Yuni Baba yana jiƙa wani shuɗin gishiri da farar ƙasa a cikin ganga, ya goya famfon feshi ya fesa masa, kamar yadda kowane mai inabi ke yi a ƙauyen, saboda cutar da ke fitowa fara a ƙarƙashin ganye. Sai da aka sha don lafiyar baƙo, aka sha don waɗanda suka riga mu, sannan Gocha ya buɗe akwatin ya fito da ledoji uku na farin gari.

"Wannan funfuna ce, Batono Otar," ya ce, haka ake girmama namiji a wurinmu, mace kuma Kalbatono, "amma mai rai. Tana sauka a jikin ƙwaron, ta huda shi, ta cinye shi daga ciki. Ganye ba ruwanta da shi. Mutum ma haka."

Baba ya ajiye kofinsa a hankali.

"Mene ne ka ce?"

"Funfuna."

"Funfuna. Shekara sittin ina yaƙi da funfuna a gidan nan, yau ka rako mini ita a cikin akwati kamar amarya."

"Ba irin ta inabi ba ce, Batono. Wannan daban..."

"Ɗana, ci abincinka, kai baƙo ne. Na san ubanka, mutumin kirki ne, bai taɓa shuka ruɓa a gonar kowa ba. Muddin ina numfashi ba mai zuba wannan a ƙasata."

Na buɗe baki, ya ɗaga mini hannu ɗaya, irin ɗagawar da yake yi wa mata arba'in su yi tsit. Kuma na yi tsit ɗin. Mace mai jika, wadda ta yi faɗa da likitocin Atina da yarensu, hannu ɗaya ya rufe mata baki.

Na raka Gocha mota. A bayan shinge ya miƙo mini ledojin, yana magana da sauri. In ajiye su a firji. In dama da ruwan sama, in fesa da yamma idan rana ta yi sanyi, kwana uku a jere. Ya ciro sabon famfo daga bayan motar ya ce kada in kuskura in yi amfani da na Baba, ko an wanke shi sau goma, domin shuɗin inabi aikinsa ke nan, kashe funfuna, kuma ba ya tambayar wace iri ce.

"Sai ki jira kwana takwas ko goma. Idan kin ga ƙwarin sun yi fari, ta kama ke nan."

"Kwana goma? Gocha, wata zai ƙare."

"Ba ta da gaggawa, Kalbatono Lamara. Ba guba ba ce."

Da na koma ciki Baba ya tambaye ni ko yaron ya tafi da tsiyarsa. Na ce ya tafi da ita.

Firjinmu Baba na buɗe shi sau ashirin a rana, don haka na tsallaka shinge zuwa wurin Jujuna. Maƙwabciyarmu ce, ƙawar marigayiya mahaifiyata, kuma ɗaya daga cikin matan nan arba'in. Ta saurare ni hannu a ƙugu.

"Wato ni za ki sa in ɓoye wa helma abu?"

"In ba za ki iya ba, Inna Jujuna..."

"Wa ya ce ba zan iya ba? Sau nawa mutumin nan ya juye mini kwando a gaban jama'a wai ganyena ya tsufa? Kawo nan. Bayan cuku zan tura shi."

Kowace yamma Baba yana gangarawa shagon bakin gada ya buga nardi, wata irin dara ta allo, da tsofaffi 'yan'uwansa, ana jin faɗuwar 'ya'yan a kan allo da zage-zagensu har gidanmu. Da ya ɓace a kwana sai in goya famfo. Jujuna na tsaye a bakin shinge tana gadi, tana ɓare ƙwayar fulawar rana, tana kawo mini rahoton ƙarya don ta ga na firgita.

"Ga shi nan!"

"Ina?"

"A'a, saniyar maƙwabcinmu Guram ce. Tafiyarsu iri ɗaya."

Na gama a yamma ta uku, na ɓoye famfon a ɗakin kajinta. Daga nan sai jira, kuma ni ban iya jira ba. Idan na zauna sai in ji kujera na cizona. Na wanke labulen gidan duka, na sake jera kwanukan da ke jere, na goge tagar da na goge jiya. A rana sai in hau gangaren nan sau goma ina juya ganye. Ƙwarin suna nan baƙi wuluk, sun ma ƙara ƙiba. Tohon da ya kamata in tsinka yana murɗewa a gabana, ni kuwa ba abin da zan yi sai kallo.

A kwana na biyar Stamatiya ta kira. Surukarta ta faɗi a banɗaki, ba ta karye ba, amma ba za a sake barinta ita kaɗai ba. Akwai wata mata 'yar garin Kutaisi da ke son aikin, amma ita ni take so. Na ce ai wata bai ƙare ba. Ta ce ta sani, tunatarwa ce kawai. Da na ajiye wayar na ji tsanarta, alhali matar nan ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri.

Baba yana lura da ni. Yana lura da gonar ma. Na sha hango shi da safe tsaye a bakin layi na farko, hannu a baya, yana girgiza kai.

"Kina kallon gona na mutuwa kin naɗe hannu."

"Ka ba ni kwana kaɗan, Baba."

"Kwana kaɗan na me? Addu'a kike yi masu su tuba?"

A kwana na takwas, a layi na ashirin da tara, na juya wani ganye na ga fari. Na juya na kusa da shi, shi ma haka. Ƙwarin sun daskare a inda suke, kowanne ya lulluɓe da farin gashi-gashi kamar burodin da aka manta a kabad. Na taɓa ɗaya da farce ya marmashe. Na bi layin da gudu-gudu ina juyawa, nan fari, can fari, wani wurin rabi da rabi. Ƙafafuna suka ɗauke ni zuwa gida don in jawo Baba ya gani, har na kai bakin kanya, sai na tsaya. Na ce a raina bari ta gama aikinta tukuna, gonar ta yi tas, sannan in kawo shi in ga da wane baki zai yi musu. So nake in ci shi sau ɗaya a rayuwata. Wannan tsayawar da na yi a bakin kanya, har yau ina cizon yatsa a kanta.

Washegari ne arba'in ɗin rasuwar Inna Eteri, ƙanwar mahaifiyata, a birnin Batumi. Ba a ƙin zuwa arba'in, ko gidanka ke ci da wuta. Gwiwar Baba ba ta jure zaman ƙaramar bas, don haka ni da Jujuna muka tafi a madadin gidan. Na bar masa tukunyar wake da burodi na kwana biyu. Aka je coci, aka je kabari, aka zauna a dogon tebur ana tuna marigayiya kofi bayan kofi. Jikina na wurin, hankalina na layi na ashirin da tara. Har wata 'yar'uwa ta tambaye ni ko ƙaiƙayi nake ji, don na kasa zama wuri ɗaya.

Bas ta sauke mu a bakin gada da la'asar ta kwana na biyu. Daga nan ana hango gangarenmu. Jujuna ce ta fara tsayawa.

"Lamara, idona ne, ko gonarku ta canza launi?"

Na yar da jakata a hanya na hau tudun da gudu, ban san ina da sauran irin wannan gudun ba. Tun daga shinge warin ya tare ni. Layi bayan layi, daga sama har kusan ƙasa, ganyen shayina ya yi shuɗi-shuɗi, ɗigo-ɗigon farar ƙasa sun bushe a kansa.

Baba yana zaune a kan matakalar gida. Hannuwansa shuɗi ne har gwiwar hannu, rigarsa ma haka, tsohon famfonsa na jingine a gefe. Ya karkace gefe guda, na gane bayansa ne ya riƙe. Amma fuskarsa a sake take, rabon da in gan ta haka tun ina yarinya.

"Kada ki gode mini," ya ce. "Da na bari kin dawo, da an makara."

"Baba, me ka yi?"

"Jiya da safe na shiga in duba ƙwarin nan naki. Na juya ganye, me zan gani? Fari fat a ƙarƙashi. Irin wadda ta cinye inabin ƙauyen nan shekarar da aka haife ki, cikin mako ɗaya. Ban taɓa ganin ta kama shayi ba, amma na san ta ko a mafarki. Na juye duk shuɗin da ke gidan a ganga, ko na inabina ban rage ba. Sau goma sha tara na hau tudun nan da tanki a baya. Layi shida suka rage a ƙasa, gobe in ari shuɗi wurin Guram in ƙarasa."

"Wa ya aike ka?"

"Me?"

"Na ce wa ya aike ka! Wa ya ce ka taɓa mini gona? Wata shida ina sara kana zaune a kan kututture, sai yanzu da ba na nan ka tashi?"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Ya dube ni kamar wata baƙuwa ce ta shigo masa gida. Jujuna ta iso tana haki, jakata a hannunta, ita kuwa bakinta ba ya da birki.

"Kai Otar, kai Otar! Maganin ne ka kashe, tsohon banza! Farin nan shi ne maganin! Garin Gocha ne, a firjina ya kwana, yamma uku yarinyar nan tana fesawa kana can kana zagin mutane a kan nardi!"

Baba ya juyo gare ni a hankali, saboda bayansa.

"Kin ce ya tafi da ita."

"Na ce."

"A gidana kika yi mini ƙarya."

"A gidanka ba a iya gaya maka gaskiya, Baba. Ba ka bari a ƙarasa magana."

Ya dafa ƙarfen matakala zai tashi, ya kasa, na miƙa hannu ya ture shi. A karo na biyu ya miƙe, ya shige ɗakinsa ya rufe ƙofa. Abincin yamma ma bai fito ba.

Gocha ya zo da safe. Ya bi layukan sama yana murza ganye, yatsunsa na yin shuɗi. Baba ya fito da sanda ya bi mu a baya, ba wanda ya kira shi. Da muka kai layuka shidan nan na ƙasa, Gocha ya tsuguna ya daɗe yana dubawa, sannan ya ciro ɗan gilashin ƙara girma daga aljihu ya miƙa wa Baba tare da ganye ɗaya.

"Duba da kanka, Batono Otar."

Baba ya kai gilashin kusa da ido. Ya daɗe.

"Waɗannan ƙafafu ne," ya ce.

"Ƙafafun ƙwaron ne. Farin a jikinsa yake, ba a jikin ganyen ba. Kankare ka gani."

Baba ya kankare da farcensa mai shuɗi. Ganyen a ƙarƙashi kore shar, ko tabo babu. Ya ɗaga kai ya dubi layin. Sabon toho ya fara fitowa a miƙe, mai tsabta, ba danƙo, ba tururuwa. Ya juya ya dubi layuka ashirin da shida da ke samanmu.

"Ruwan sama zai wanke," ya ce. "A nan kwana uku ba a yi ba a yi ruwa ba."

"Zai wanke wanda ido ke gani. Amma masu saye suna gwada ganyen a can, kuma za su gani. Kwando ɗaya ya shiga cikin namu, an dawo da shayin ƙauye huɗu. Ba zan iya karɓar ganyen layukan nan ba sai tohon Mayun baɗi."

"Shida na ƙasan fa?" na tambaya, ko da yake na san amsar.

"Waɗannan zan karɓa. Amma Kalbatono Lamara, layi shida..."

Bai ƙarasa ba, ba kuma sai ya ƙarasa ba. Layi shida ba sa riƙe mutum ɗaya, balle biyu.

Sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Baba ya cire hularsa a gaban yaron da ko ubansa Baba ya girme shi.

"Ɗana, ita ba ta yi komai ba. Ni na yi. Ka je ka gaya masu Otar ne, tsufa ya kama shi. Ni za ku kora."

"Batono, ba ka cikin ƙungiya balle a kore ka. Ba hukunci ba ne. Ganyen ne kawai ba zai shiga ba."

"To zo mu zauna a tebur mu yi magana kamar mutane."

"Ko na zauna har gobe, amsar ɗaya ce. Ka yafe ni."

Baba ya tsaya da hula a hannu har motar Gocha ta sauka tudu. Na so in ji daɗin ganinsa haka, tunda abin da na nema ke nan, in ci shi. Ban ji komai ba sai kunya.

Kwana huɗu kafin wata ya ƙare na kira Stamatiya na ce ta sallami 'yar Kutaisi. Ta yi murna har tana sa mini albarka da yarensu. Na ce mata zan kama hanya ranar Talata.

Kwanakin da suka rage ni da Baba muka yi ta kewaye juna a cikin gida. Ya daina zuwa nardi. Ni kuma na koma wanke-wanke da goge-goge, na cika masa firji, na jera magungunansa a kan taga, na roƙi Jujuna ta riƙa leƙo shi. Ta ce za ta leƙo, ko don ta samu wanda za ta zaga. Ina fushi da shi, ina fushi da kaina, kuma idan na fara lissafin wanda ya fi laifi sai kaina ya yi zafi in fita in tsinki layuka shidan nan, ko da babu abin tsinka. Sau biyu na hango shi a can ƙasa shi kaɗai, ya jingina da sanda, yana juya ganye ɗaya bayan ɗaya.

Ranar Talata bas ɗin ƙarfe tara zan shiga. Na fito da jakata na ajiye a matakala, sai ga shi ya fito daga ɗaki da murfin kwali da fensirin kafinta. Ya ajiye su a kan teburin baranda ya tura gabana, bai dube ni ba.

"Rubuta."

"Me zan rubuta?"

"Yadda ake dama abin nan. Na yi magana da yaron, ya ce zai kawo wani a watan Afrilu, kafin ƙwarin su farka. Da manyan baƙi, idona ba kamar da ba ne."

Na zauna. Na fara rubutu. A firji. Ruwan sama, ba na famfo ba. Cokali nawa a tanki ɗaya. Da yamma, kwana uku a jere. Sabon famfo, yana ɗakin kajin Jujuna. Yana tsaye a kaina yana karantawa da leɓe, kuma ko sau ɗaya bai gyara mini ba.

"Daga nan fa?"

"Sai ka jira. Kwana takwas ko goma."

"Idan ya yi fari?"

"Ka bar shi."

"In bar shi kawai? In tsaya ina kallo?"

"Ka tsaya kana kallo, Baba."

Ya dubi hannuwansa. Har ranar shuɗin bai gama fita daga gefen faratansa ba.

"Rubuta wannan ma," ya ce. "Ki ja masa layi a ƙasa. Na san halina."

Na rubuta na ja layi. Ya ɗauki kwalin da hannu biyu ya kai ɗaki, na ji yana neman ƙusa. Da ya dawo ya ce zai raka ni gada. Na ce ya zauna, tudun zai wahalar da shi a dawowa. Ya ce ba a haifi wanda zai hana shi raka 'yarsa ba tukuna. Ya zura ƙafa a takalmi ya tsaya yana kallonsu.

"Ki gaya wa Girkawan nan aro na ba su," ya ce. "Zuwa Mayu."

Daga bakin gada direba ya danna ƙaho sau biyu. Na durƙusa na ɗaure masa igiyar takalmin, domin tun ranar feshin nan ba ya iya sunkuyawa, ni ke ɗaure masa kowace safiya. Na ɗaure ta sau biyu, na ja da ƙarfi. Ban san wanda zai ɗaure masa gobe ba.